Me Turawa ke nufi da blizzard?

Idan hunturu ya kama a Amurka da Kanada, kalmar blizzard kan cika labarai, kuma a Hausa an saba cewa "guguwar dusar ƙanƙara". Fassarar ta yi daidai, sai dai mutane da yawa sun ɗauka duk dusar ƙanƙarar da ta zuba da yawa ita ake nufi. Masu hasashen yanayi kuwa abu biyu suke aunawa: ƙarfin iska, da nisan da ido ke iya gani.

Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta gindaya sharuɗɗa uku, kuma sai sun haɗu duka. Iska ta kai gudun mil 35 a awa, wato kusan kilomita 56. Dusar ƙanƙara, ko mai saukowa ko wadda iska ke kwasowa, ta hana ganin abin da ya wuce kwatan mil, kimanin mita 400. Sannan abin ya ɗauki awa 3 ko fiye. Zurfin ƙanƙarar ba ya cikin lissafi. A yawancin Kanada ma'aunin kilomita 40 ne a awa, mita 400, na tsawon awa 4.

Shi ya sa ake samun blizzard ko da babu abin da ke saukowa daga sama. Iska ce kawai ke tada busasshiyar dusar da ta kwanta tun kwanakin baya, abin da suke kira ground blizzard, kuma ya fi yawa a shimfiɗaɗɗun filayen Dakota a Amurka da Manitoba a Kanada inda babu itatuwan da za su tare iska. Wanda ya taɓa tuƙi cikin hazo mai kauri ya san ɗan abin da ake ji, amma a can ƙasa ma fara ce fat, har mutum ya kasa bambance titi da rami.

A da kalmar tana nufin duka mai ƙarfi ko ruwan harsasai. Wata jarida a garin Estherville na jihar Iowa ta yi amfani da ita ga guguwar ƙanƙara a 1870, kuma bayan mugun hunturun 1880 zuwa 1881 ta bazu a jaridun Amurka. Guguwar ƙanƙarar watan Maris na 1888 ta kashe fiye da mutum 400 a gabashin ƙasar. Har yau ana aron kalmar ga duk abin da ya zo da yawa lokaci guda har ya ruɗar da mutum, kamar tarin takardu ko tambayoyi.

Inda fahimtar ke da amfani sosai shi ne sanarwar Blizzard Warning, wato gargaɗin da masu hasashen yanayi ke fitarwa cewa blizzard na tafe. Ɗalibi ko sabon zuwa zai leƙa taga ya ga ƙanƙarar ba ta kai komai ba, ya ɗauki mota. Kuskure ne babba. A guguwar birnin Buffalo na jihar New York ta Disamban 2022 mutum fiye da 40 suka rasu, an tsinci wasu cikin motoci, wasu a kan hanya bayan sun bar motar sun kama tafiya a ƙafa.

Idan ta rutsa da kai a mota, kada ka fita neman taimako, domin cikin 'yan mitoci za ka ɓace. Kunna inji kamar minti 10 a kowace awa don ɗumi, amma kafin nan ka share ƙanƙarar da ta toshe bakin salansa, ka kuma ɗan sassauta gilashi. Idan salansa ta toshe, hayaƙin yana komawa cikin motar, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari: ciwon kai take farawa da shi, sai barci. Wannan gubar ce ke kashe masu tada janareta ko hura gawayi a cikin gida idan an ɗauke wuta, don haka janareta a waje ake ajiye shi, nesa da taga da ƙofa.