Ni da motata da gidajen marubutan Ingila

Duk sanda na ce ma mutum sana'ata kai baƙi gidajen marubutan da suka mutu shekara ɗari biyu, wasu ma ɗari huɗu, sai ya yi dariya ya ce wai wa zai ba da kuɗinsa don ya je kallon gidan matacce. Toh ni dai da ita nake ci nake sha a nan Birmingham, ni da mota ɗaya mai ɗaukar fasinja 8, sai ƙanina da yake riƙe min waya da lissafi in aiki ya yi yawa. Kamfanin kenan gaba ɗayansa.

Asali tasi nake yi, ɗauko mutane daga filin jirgi. Watan Yuli nan lokacin bikin kammala digiri ne, iyaye suna ta zuwa daga gida, a nan wata Hajiya ta shiga motata, tsohuwar malamar sakandare ce da ta yi shekaru tana koyar da Macbeth da Julius Caesar ma 'yan WAEC. Ta ce ɗana, garin Shakespeare da nisa daga nan? Wallahi kunya ta kama ni, shekarata nawa a garin nan, Stratford tafiyar minti 45 ce, ban taɓa taka ƙafata ba. Na kai ta, ita ta dinga min bayani ni direba ina binta kamar ɗan aji ɗaya. Da muka dawo ta ce ka san malamai irina nawa ne suke zuwa ƙasar nan su koma ba su ga wannan ba? Daga ranar na fara karatu, yanzu shekara shida kenan.

Masu tambaya me ya sa ban sayi babbar bas ba, dokar ce. Muddin kujerun fasinja ba su wuce 8 ba lasisin hukumar gari ya ishe ka, da zarar sun kai 9 ka faɗa layin masu bas, lasisi daban, jarrabawa daban, takardu kamar za ka buɗe banki. Inshora kuwa ita ce kishiyata, ko na yi aiki ko ban yi ba tana nan tana jira. Sannan tun 2021 tsohuwar mota mai hayaƙi in ta shiga tsakiyar Birmingham fam 8 ne kullum, dole ta sa na rabu da tsohuwar motata ina sonta tana sona.

Stratford ita ce gonata. Gidan da aka haifi Shakespeare a 1564 yana kan titin Henley, kuma tun a mota nake gaya ma mutane kar su sa ran ganin fada, gida ne na katako da yaɓe, ɗakuna ƙanana, benen yana ƙara in ka taka. In ban faɗa ba sai ka ga fuska ta canza ana kallona, irin kallon nan na "wannan ka kawo mu gani?" Abun da na gano shi ne bayanin da aka rubuta a bango ba ya shiga ran mutanenmu sai na juya shi na ba su kamar yadda za a ba da labari a zaure. Misali ubansa John, sana'arsa ɗinka safar hannu ta fata, yana gyaran fatar da kansa, akwai ɗakin aikinsa a cikin gidan an jera fatu. Na taɓa kai wani Alhaji ɗan Kano wanda tun safe bai ce uffan ba, matarsa ce ta matsa aka zo. Muna shiga ɗakin na ce ranka ya daɗe uban mutumin nan fa baduku ne. Sai ya tsaya, ya kai hanci kusa da fatar, ya ce ashe ɗan dukawa ne duniya take ta yi ma wannan hayaniyar? Ashe gidansu dukanci suka gada tun kaka da kakanni. Ranar sai da na roƙe shi muka fita, yana ta ma ma'aikaciyar wurin bayanin jima ina fassara.

Labarin da ya fi sa dariya na gidan da Shakespeare ya saya ne bayan ya yi kuɗi, wanda babu shi yanzu sai fili da lambu. Wani limamin coci mai suna Francis Gastrell ne ya mallaki gidan da aka sake ginawa a wurin daga baya, masu zuwa kallo suka ishe shi, ya sa aka sare bishiyar da ake cewa Shakespeare ne ya dasa, daga baya rigimar haraji ta haɗa shi da hukumar garin, a 1759 ya rushe gidan ɗungurungum. Wato tun wancan lokacin irinmu masu kawo baƙi muke ba mutane haushi. Sai kuma wasiyya, inda ya rubuta a ba matarsa Anne gadon kwanansa na biyu a kyau. Da Hausa abun ya fi daɗi, gadonta gado ne, kuma ba mai kyan ba. Hajiyoyi sai su ɗauki zafi, ka ji ana "maza kenan, ko a Turai", mazan kuma su kama maganar masu cewa ai gado mafi kyau na baƙi ne, na biyun shi ne nasu na aure. Ni dai tuƙi nake, ba na raba wannan shari'ar.

Kabarinsa yana cikin cocin Holy Trinity a bakin kogin Avon, ya mutu 23 ga Afrilu 1616, kuma a kan dutsen an rubuta tsinuwa ga duk wanda ya taɓa ƙasusuwansa. Wasu suna shiga su gani, wasu su ce su ba za su shiga coci ba, ban taɓa matsa ma kowa ba, akwai benci a bakin ruwa sai in zuba musu shayi daga fulas mu jira sauran.

Haworth ita ce ta koya min hankali. Garin 'yan matan Brontë ne, marubuta Charlotte da Emily da Anne, can arewa a Yorkshire kusa da Bradford, wajen awa uku daga nan in hanya ta yi kyau. Zuwana na farko da baƙi a watan Nuwamba ne, kuma laifina ne tsaf, na ajiye mota a ƙasan gari ban san titin hawa ne kamar dutse ba, ga shi daɓen duwatsu mai santsi, ga yayyafi, ga Hajiya mai ciwon gwiwa cikin leshi da takalmi mai tsini. Bai ishe ni ba kuma na yi alkawarin kai samarin ciki Top Withens, kangon gidan gona da ake dangantawa da littafin Emily, tafiyar ƙafa ce ta fi mil uku a dajin da babu bishiya babu inuwa sai iska da taɓo. Kafin ƙarfe huɗu da rabi duhu ya fara, muka juyo ba mu kai ba, takalma sun zama abun tausayi. Rabin kuɗin na mayar musu. Yanzu ina ajiye mota a sama kusa da gidan, kuma tun ana gobe tafiya nake tura saƙo a WhatsApp: takalmi mai faɗi, rigar sanyi, ko da an ga rana. A hanyar dajin nan har allunan nuna hanya da rubutun Japan akwai saboda yawan 'yan can da suke zuwa, na kan ce wata rana sai an sa na Hausa.

Amma duk cikin wuraren babu inda mutanenmu suke yin shiru kamar gidan su Brontë. Gidan limamin coci ne, tagoginsa suna kallon maƙabarta kai tsaye. Iyalin sun zo a 1820, uwar ta rasu shekara ɗaya bayan nan, yara biyu mata suka bi ta a 1825, sauran ukun da suka yi suna littattafansu suka fito a 1847 da sunayen maza saboda kar a raina rubutun mace, kamar dai yadda wasu marubutanmu mata suke ɓoye sunansu har yau. Ɗan'uwansu Branwell da Emily suka rasu a 1848, Anne a 1849, Charlotte a 1855, babu wanda ya kai 40 a cikinsu. Uban ya ga mutuwar matarsa da 'ya'yansa shida duka, shi ya kai 84. In na kawo nan sai ka ji ana Allahu akbar ƙasa-ƙasa. Wani jami'in lafiya mai suna Babbage ya binciki garin a 1850, ya samu sama da kashi 40 cikin ɗari na yara suna mutuwa kafin shekara shida, kuma ruwan da ke gangarowa ta maƙabarta yana gurɓata na sha. Wata likita da na kai ta daɗe a tsaye tana kallon kaburburan, ta ce wannan ai rahoton da muke rubutawa ne yanzu.

Abun da ya sa baƙi suke zaɓena ba su bi manyan bas ɗin Turawa ba, rabinsa salla ne da abinci. Buta da darduma ba sa barin but ɗina. Ranar Haworth da sauƙi, Keighley da Bradford masallatai ne ko'ina ga abincin halal. Amma ka je Grasmere gidan marubucin waƙoƙi Wordsworth, toh sai dai kifi da dankali, ko a taho da dambun nama daga gida. Lissafin lokaci ma aiki ne, a Yuni magariba sai wajen tara da rabi na dare, a Disamba kafin huɗu ta yi.

Gidan Jane Austen a Chawton ina zuwa jefi-jefi, teburin da ta yi rubutu a kai bai fi faifai biyu ba, kuma dabarata a nan in ce kowa ya fito da fam 10 ya duba bayanta, hotonta ne a jiki tun 2017. Landan kam ba na so, cunkoso da kuɗin fakin su cinye ribar, amma ana matsa min don gidan Dickens na titin Doughty da kuma lamba 221B a titin Baker, gidan Sherlock Holmes na cikin littafi. Na taɓa yin musu da wani bawan Allah har muka iso gida, shi lallai Sherlock Holmes mutum ne da ya rayu tunda ga gidansa ga hularsa.

In faɗi gaskiya, adabi shi kaɗai ba ya cika min tanki. Cikin mutum takwas biyu ne suka zo don littafi, sauran kasuwar Bicester suke so, shi ya sa nake haɗa su rana ɗaya tunda duk hanyar M40 ce, safe Shakespeare yamma jakunkuna. Kuma yanzu sai an ba da kafin alƙalami nake sayen tikiti, don na sha asara, an ce ƙarfe takwas sai sha ɗaya a fito ana "yi haƙuri Malam". Daga Yuli zuwa Satumba ba na samun barci, Janairu da Fabrairu kuwa in koma jigilar filin jirgi.

Bara wani dattijo ya zo da buƙatar da ba ta cikin jerina, wai kabarin wanda ya rubuta Gandun Dabbobi yake son gani, shi da Hausa ya fara karanta shi, fassarar Bala Abdullahi Funtua, sai daga baya ya san na George Orwell ne. Ƙauye ne ana ce masa Sutton Courtenay a kudu da Oxford, babu tikiti babu mai gadi. Muka shiga maƙabartar muna neman Orwell, muka ga babban kabarin Asquith tsohon firaministan Birtaniya, muka zaga sau biyu babu. Shi ne ya tuna, ya ce yaro ai ba sunansa na yanka ba ne. Ashe mun wuce shi, ɗan dutse ne ƙarami da furen wardi a gabansa, an rubuta Eric Arthur Blair, 1903 zuwa 1950, ko kalmar marubuci babu. Baba ya cire gilashi ya goge ya mayar, ya karanta da ƙarfi, sannan ya miƙo min wayarsa ya ce ɗauke ni da kyau, sunan ya fito.