Alƙalamin feshi na farko: abin da fentin karfasa ya koya mini

A aikin ɗora fatar dabba a kan gangar jikin roba don ta tsaya kamar mai rai, launi ne ke fara guduwa. Karfasar da na fara busarwa ta koma ruwan toka kamar tsohon takalmi, hancin rago da fatar idonsa ma haka suke dushewa. Buroshi yana barin sawu a kan ɓawon kifi, shi ya sa na nemi alƙalamin feshi, 'yar ƙaramar bindigar fenti mai aiki da iska.

Iri biyu ne. Akwai mai aiki ɗaya, kamar Paasche H da masu wannan sana'a a Amurka suka daɗe suna riƙe da shi: da ka danna kunama iska da fenti za su fito tare, yawan fentin kuwa sai ka tsaya ka murɗa bakin. Yana da sauƙin wanki, ya kuma iya shimfiɗa launin ƙasa. Mai aiki biyu kuwa, ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo, gwargwadon jan gwargwadon yawansa. Shi na ɗauka, mai ɗan kurtu a sama da baki milimita 0.35, irin Iwata Eclipse HP-CS. Kurtun sama yana aiki da ɗigo biyar ko shida kawai, kuma kifi ɗaya kan ci launi kusan takwas, don haka saurin ɗauraya tsakanin launuka ba ƙaramin abu ba ne. Baki 0.2 yana toshewa da farin fenti da mai ƙyalli, 0.5 kuma ya yi faɗi ga gefen ido. Kafin ka biya, tabbatar akwai baki da allura (siririn ƙarfen da ke buɗewa da rufe bakin) na canji. In fentin laka (wato lacquer, wanda ba a tsarma shi da ruwa) za ka yi amfani da shi, nemi mai zoben Teflon a ciki, domin tina, sinadarin da ake tsarma shi da shi, tana cinye zoben roba.

Inda na yi kuskure shi ne kwamfaresa, na'urar da ke ba alƙalamin iska. Na sayi ƙarama marar tanki, iskarta na fitowa bugu-bugu, layi ya riƙa fita da kauri da siranta. Wadda ta yi mini aiki tana da tanki mai lita 3, da abin daidaita ƙarfin iska mai geji, da matatar ruwa. Wannan matatar kada ka raina ta. Da damina ruwa na taruwa a tiyo, kana tsakiyar inuwar bayan kifi sai ya tofo ɗigo ya ɓata aikin awa biyu. Kullum bayan aiki ina kwance ɗan makunnin ƙasan tanki ruwan ya tsiyaye.

Launin ƙasa ina fesa shi a PSI (ma'aunin ƙarfin iska a geji) 25 zuwa 30, daga nisan santimita 10 zuwa 15. Zanen gefen jiki da ɗige-ɗige kuma ina sauko da geji zuwa 15 ko 18, in matso santimita 2 ko 3.

Mafi yawan abin da na ɗora wa alƙalami laifinsa, a haɗin fenti yake. Akwai fentin da aka yi don wannan aiki, irin Polytranspar da Lifetone, na ruwa da na laka. Ko wanne ka samu, tsarma shi ya zama kamar madara, ka tace da safar nailan. In yana fita da yayyafi, ya yi kauri ko iska ta yi kaɗan. In ya bazu kamar ƙafafun gizo-gizo, ya yi ruwa ko ka matso da yawa. Kumfa a cikin kurtu kuwa alama ce baki ya toshe ko bai zauna daidai ba. Da hunturu fentin ruwa kan bushe a tsinin allura cikin 'yan mintuna. Ɗigo ɗaya na maganin jinkirta bushewa a kurtu, da jiƙaƙƙiyar auduga a gefe don shafe tsinin, sun magance mini wannan.

Kafin launi, fatar kifi tana buƙatar shafin toshe ƙofofinta, in ba haka ba ta shanye fentin wuri-wuri. Ina farawa daga mai haske, farin ciki, in ƙare da duhun baya, shafi siriri sau uku ko huɗu har ɓawon ya ci gaba da nunawa ta ƙasa, sannan mai sheƙi a ƙarshe. Hoton kifin da na ɗauka yana fitowa daga ruwa yana manne a gabana, domin ido yana mantuwa. Hannu kuma ya saba da ƙa'ida ɗaya: iska ce farko, ita ce ƙarshe. Kwana uku na yi ina ɗige-ɗige da layuka a kan takarda kafin na taɓa fata.

Takunkumi mai kwalbar tace tururin sinadari dole ne, na tsumma ba ya tare tururin tina. Idan na gama, sai in kwance baki in zaro allura ta gaba, don kada ta ja ragowar fenti zuwa cikin alƙalamin.