Kan keke yana nan, ƙafafunsa ne suka ɓace

Duk mai son tara tsofaffin kekunan ɗinki a Kano zai samu kan keke ba tare da wata wahala ba. Baƙin ƙarfe ne mai nauyi, ba ya shiga aljihu, ba ya ruɓewa, yana can ƙarƙashin gadon tsofaffi an lulluɓe shi da zani. Abin da ya tafi shi ne ɗan akwatin da ya zo tare da shi, mai ɗauke da ƙafafu iri-iri, wato ƙananan ƙarafan da ake ɗaurawa a wajen allura su danne yadi, kowanne da irin ɗinkin da yake yi. Yara sun yi wasa da su, an share sauran an zubar, domin ba wanda ya san amfaninsu.

Da keken hannu na gidanmu na fara, Singer 15K. Harafin K ɗin yana nuna masana'antar Kilbowie da ke Clydebank, kusa da Glasgow, wadda aka rufe a 1980. Yawancin tsofaffin Singer da nake cin karo da su daga can suka fito, tunda ta hannun Turawan Ingila hajar ƙasar nan take shigowa a lokacin. Lambar da aka buga a gadon keke ta hannun dama ita ke faɗin shekarunsa. Idan ta fara da Y, tsakanin 1923 da 1935 aka ƙera shi. Wanda kuwa tambarinsa ke da shuɗin baki, an rubuta 1851 da 1951, na bikin cikar kamfanin shekara ɗari ne.

A ganina samfurin 15 ya kamata sabon shiga ya fara nema. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Japan sun yi ta kwaikwayonsa, haka ma Butterfly na Shanghai da ya cika shagunan telolinmu, da Usha na Indiya. Saboda haka allura da kwarkwaro da bel da ake sayarwa yau a Sabon Gari suna hawa keken da ya girmi kakanka. Ƙoshiya, wato gidan da kwarkwaro ke zama, ita ce kawai sai an duba, don wasu 15 ɗin na baya-baya ƙahon ƙoshiyarsu hagu yake karkata, na Butterfly kuwa dama. Samfurin 28K da 128K wani zance ne daban. Ƙoshiyarsu doguwa ce irin ta masaƙa, kwarkwaron ma siriri ne dogo, kuma ba mai shagon da zai ba ka su. Ina buɗe murfin in leƙa kafin a yi maganar kuɗi, in babu ƙoshiya a ciki sai in yi sallama.

To, ƙafafun. Wadda ta fi burge ni ita ce mai yin tattara. Tana da hannu mai baki biyu da ake maƙalawa a jikin maɗaurin allura, duk hawa da saukar allura sai wani siririn harshe ya tura yadi ya ninke shi. Ana iya saita ta ta ninke a kowane ɗinki, ko bayan shida, ko bayan goma sha biyu. Tattarar siket da yarinyar shago za ta wuni tana ja da zare, wannan ƙarfen kafin shayi ya huce ya gama ta. Akwai mai kalmasa bakin zani, akwai mai lulluɓe baki da siririn ƙyalle, akwai mai jera ninki daidai da juna. Sai kuma babbarsu, mai yin gidan maɓalli. Allurar waɗannan kekuna ba ta san hagu da dama ba, miƙe take tafiya, don haka na'urar ce ke damƙe yadin tana kaɗa shi gefe da gefe har ta zagaye ramin. Na nuna wa wani tela a Fagge, sai da ya sa na maimaita a kan shaddarsa kafin ya yarda. Singer ta taɓa sayar da irin waɗannan kaya cikin wani akwatin katako mai naɗewa, wanda aka yi wa rajista a 1889, kuma shi nake ta cigiya har yanzu. Yawancin ƙafafun suna hawa kowane keke mai gajeriyar ƙafa, in ban da samfurin 66 na farko-farko, da ake ɗaure tasu ta baya.

Inda nake samunsu kuwa, a durowar tsofaffin tebura ne da gwangwanayen masu gyaran keke. Tsohon mai gyara ba ya zubar da ƙarfe. Ka zauna ku gaisa, ka ce, “Baba, a ba ni gwangwanin nan in tona,” za ka sha mamaki. Abokan tserena 'yan gwangwan ne, su da kilo suke saye, keken 1930 da tsohon murhu duk ɗaya ne a kan sikelinsu. Na roƙi wasu daga cikinsu su riƙa kirana kafin su sa guduma. Keken da yake cikin kayan gado kuwa ba na taya shi sai magada sun gama rabo, don ba na son rigima ta biyo ni gida.

Wajen wanki mutane suka fi ɓarna. Zanen ruwan gwal da ke jikin keke yana ƙarƙashin wani siririn fenti mai sheƙi ne, sinadarin sifirit yana narkar da shi, ruwan omo kuma yana mayar da gwal ɗin fari. Man keke a jikin auduga ya isa, a hankali. Cikinsa da ya cije kananzir ke sakinsa, a ɗiga a bar shi ya kwana, a juya, a ƙara. Man gyaɗa da wasu ke zubawa shi ne ke daskarewa ya zama danƙo ya kama komai. Sabon fenti kuwa ni ban yarda da shi ba ko kaɗan, keke mai tabo ya fi mini wanda aka fesa.

Na'urar gidan maɓalli ba ta aiki sai an rufe haƙoran keke masu jan yadi da wani ɗan faranti, kuma kusan kullum shi ne babu a cikin akwatin. Nawa wani maƙerin gwangwani ne ya yanka mini daga murfin tsohon kwano, ya huda ramin allura da na ƙusa, ya goge bakin da zarto, kuma yana aiki lafiya lau.