Had dis ɗin da ya kwana a firiza

Shagona ƙarami ne, a wani lungu bayan titin Khalid bin Walid a Jidda, inda kasuwar kwamfuta take. Ni ne da yara biyu. Muna canza gilashin laftof, muna ɗora Windows, amma abin da ke taso 'yan uwanmu Hausawa daga Karantina da Sabil, wasu ma daga Shara Mansur a Makka, shi ne ciro bayanai daga had dis da ya samu rauni. Yawancin waɗanda suka gagare ni, faɗuwar farko ba ta gama da su ba. Gyaran gida ne ya ƙarasa su.

Wata ranar Asabar bayan la'asar wani Alhaji mai aika wa 'yan kasuwa kaya Kano ya shigo da leda a hannu. Had dis ne na waje, ɗan ƙarami, samfurin WD. Da na taɓa shi sai na ji sanyi, jikinsa na raɓa.

"Muhandis, duba min wannan. Lissafina na shekara bakwai yana ciki. Daga tebur ya faɗo."

"Alhaji, yana jone lokacin da ya faɗi?"

"Yana jone. Sai ya kama ƙas, ƙas, ƙas. Yaro ya ce ya gani a YouTube ana sa shi a firiza, to can ya kwana."

"Bayan faɗuwar, sau nawa aka kunna shi?"

Ya daga hannu. "Wa ya ƙirga?"

A cikin akwatin nan akwai faifai mai sheƙi kamar madubi, an shafe shi da wani siririn sinadari mai maganaɗisu, a nan bayanan suke. Na laftof yakan juya sau 5,400 a minti ɗaya, manya na tebur da yawa 7,200. Allurar da ke karatu ba ta taɓa faifan. Iskar juyawar ce ke ɗauke da ita, tazarar kuwa silin gashi ya ninka ta sau dubbai. Idan ya faɗi yana juyi, allurar ta daki faifan, ta lanƙwashe ko ta kankare shafen. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji hannun allurar ne ke fita neman alamomin da za su nuna masa hanya, ya rasa, ya koma ya sake fitowa. Minti goma da mutum zai zauna yana jira ko zai tashi, faifan ya wuce ƙarƙashin karyayyar allura sau 54,000, garin da ta kankaro kuma yana yawo a ciki yana ƙara karce sauran wurare.

Maganar firiza tana da asali. Tsofaffin had dis, waɗanda ƙarfe ya cije a cikinsu, wani lokaci sanyi kan sa ya saki na ɗan lokaci. Na zamanin nan ba haka suke ba, kuma wanda ya san danshin Jidda ya san yadda gilashin ido ke yin hazo da ka fito daga ɗakin da ke da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Haka raɓa ke kwanciya a kan fanel, wato allon lantarkin da ke manne a jikin had dis, har a kan faifan, domin yawancin had dis suna da ɗan ramin numfashi. Ka jona shi a haka, allura ta bi ta kan ruwa.

Ba na hana mutum taimakon kansa. Akwai abin da mai natsuwa zai yi a gida, kuma kunne ne ke fara aikin. Kara had dis ɗin a kunne. Idan shiru kake ji, ko motsi babu, sau da yawa matsalar a fanel take, faifan lafiya lau. Abin da na fi gani shi ne a ɗauki cajar laftof mai bolt 19 a soka wa babban had dis na waje da ke cin 12, don bakinsu ya yi kama. Akwai wani ɗan dayod, ƙaramin kayan lantarki, a bakin shigar wuta da aka sa don ya mutu a madadin sauran. Mitar auna wuta za ta nuna maka ya haɗe. A cire shi da dalma, sau da yawa had dis ya tashi, sai dai ya zama ba shi da kariya, don haka a kwashe kaya nan take. Masu sayen wani fanel mai lamba iri ɗaya su ɗaura kuwa, galibi ba ya yi. Akwai ƙaramin cif, yawanci mai ƙafa takwas, da ke riƙe da saitin da masana'anta ta yi wa wannan had dis shi kaɗai, dole a ɗauke shi a mayar kan sabon fanel. Wanda hannunsa ke rawa kada ya fara, domin idan cif ɗin ya ƙone aiki ya ninku.

Wani kuma bakin USB ne kawai ya karye. A fasa kwanson, a jona shi kai tsaye ta SATA, wato bakin da ake jona had dis da shi a cikin kwamfuta, shi ke nan. Amma ƙananan WD da yawa bakin USB a jikin fanel yake, wasu ma suna kulle bayanan da kansu, wannan dabarar ba ta ci a kansu.

Inda mutane suka fi yin ɓarna ba su sani ba shi ne had dis da kwamfuta ke gani amma yana jan ƙafa. Windows ta ce a yi fomat ko a gyara kurakurai, mutum ya danna to. Ko ya ja babban folda ya saki, kwafin ya maƙale a wuri ɗaya yana ta nanata karatu har allurar ta ƙarasa. Ni ba na neman fayil ko ɗaya a jikin mara lafiya. Sai na fara kwafe shi ɗungurungum zuwa wani lafiyayye da ya kai shi girma ko ya fi. Manhajar ddrescue, kyauta ce a Linux, tana fara kwashe wurare masu sauƙi, ta tsallake masu ciwo, ta rubuta taswirar inda ta tsaya, daga baya ta dawo musu a hankali. Ko wuta ta ɗauke, daga nan za ta ci gaba. A kan kwafin ake sakin manhajar ciro fayiloli, TestDisk ko PhotoRec, ita ta biyun tana dawo da fayiloli ba sunayensu, sai ka zauna kana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. A duba sau uku wanne ne tushe, wanne ne mazubi. Wani yarona ya taɓa juya su, Allah ya taimake mu a kan na gwaji ne.

Wanda ruwa ya ci, irin waɗanda aka yi ta kawowa bayan ruwan Nuwamban 2022, kada a kunna, kada a busar da na'urar busar gashi. A ɗaure a leda da danshinsa a kawo, domin laka idan ta bushe a kan faifai ta zama yashi.

Buɗe murfi kuwa ba aikin falo ba ne, balle a garin da ƙura ke shiga ko'ina. Ina da ɗan teburi mai tace iska, da tarin matattun had dis na Seagate, WD da Toshiba da nake saye don ciro allura, kuma sai wadda ta dace da samfurin sosai. Abin da ya fi ƙarfina nakan tura wa manyan kamfanoni a Riyad, in gaya wa mai shi gaskiyar kuɗin tun farko. Sharaɗina da yara ɗaya ne: hoton iyalin mutane ba abin kallo ba ne, a buɗe biyu ko uku don tabbatarwa a rufe.

Na Alhaji sai da na bar shi kwana biyu ya sha iska kafin na buɗe. Faifai biyu ne, fuska huɗu. A ta sama akwai zobe, kamar an zana da ƙusa, 'yar matatar da ke gefe kuma, wadda fara ce, ta koma ruwan toka. Na share, na sa allurar aro, na hana ta hawa fuskar da ta karce, na kwashe ukun cikin kwana tara. Bidiyon bikin 'yarsa ya fito a gutsure, domin babban fayil a warwatse yake a kan fuskoki. Ƙananan takardun Excel kuwa yawancinsu sun tsira.

Ya zo ya sa tabarau, yana bin sunayen da yatsa a kan gilashi.

"Muhandis, na 2021 fa?"

"Yana fuskar da ta karce, Alhaji."

Ya yi shiru, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Akwai mutum uku a Kantin Kwari da za su yi sadaka idan suka ji wannan labari." Ya ƙirgo kuɗina, ya ce in haɗa masa da sababbi guda biyu, ɗaya na ofis, ɗaya ya ajiye a gida inda yaron ba zai gani ba.