Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Bayan Na Bar Gidan Abinci

A makon jiya na tsaya a inda aka rufe Kano saboda korona, cikin watan Afrilun 2020, gidan abincin da nake yi wa kuku ya sallame mu. Da aka buɗe gari ban koma ba. Tsayuwa gaban wuta tun asuba har dare ta riga ta cinye min gwiwa.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Kawuna ya samo min aikin kuku a gidan wani attajiri a Abuja, ga ɗaki ga albashi, amma ganin iyali sai jefi-jefi. Na ba shi haƙuri. Wani abokina ya ce in riƙa daka yaji ina zubawa a roba. Sana'a ce mai kyau, sai dai manyan kantuna ba sa karɓa sai da lambar NAFDAC, ita kuma sai ka yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, jami'an NAFDAC sun zo sun duba wurin aikinka. Ba ni da wannan jarin a lokacin.

Yayata ce ta nuna min hanya. Za ta aurar da 'yarta, ta kira ni: "Ƙanena, mutum 300 muke sa rai, shinkafa kwano nawa zan auno?" Nan take na lissafa mata, har da mai da nama, da tumatir da attaruhun da za a ɗauko a kasuwar Yankaba. Ta ce, "Wannan da ka raina, shi ke hana mu barci."

Gaskiya ta faɗa. Masu iya girki mai daɗi kowane gida akwai su. Abin da gidan abinci ke koya wa kuku shi ne ƙiyasi: kada abinci ya ƙare baƙi na zaune, kada kuma ya yi saura har a yi asara, sannan tukwane su sauka a kan lokaci. Uwar biki za ta biya kuɗi don a sauke mata wannan nauyin, kuma aikin ba kullum ba ne, gwiwata za ta samu hutu.

Ni na riƙe girkin bikin nan, da tukwanen haya da yara masu taya ni. Kafin a watse, wata ƙawar Yaya ta karɓi lambata saboda walimar saukar Alƙur'anin ɗanta. Yadda muka yi ciniki da ita, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.