Injin kashe ƙwayoyin cutar kayan tatu: yadda na zaɓi nawa da abin da aiki da shi ya koya min

Bututun ƙarfen nan da allura ke bi ta ciki shi ya zaɓar min injin da zan saya, gaskiyar magana kenan. Duk mai zanen tatu ya san shi, ɗan siririn rami ne, tawada na shiga jini na shiga, in ka gama aiki ka ɗaga shi ka leƙa ta haske sai ka ga kamar fes yake alhali akwai abin da ya maƙale a bango. Allura kam ba ta da rigima tunda sau ɗaya ake aiki da ita, tana zuwa a rufe daga kamfani an riga an kashe mata ƙwayoyin cuta da gas ɗin etilin oksayid, ka duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin ledar, ka ɓare a gaban wanda za a yi wa zanen ya gani da idonsa, ka gama ka jefa a kwandon roba mai tauri na kayan tsini, shikenan. Inda aikin yake shi ne kayan da ake maimaitawa, mariƙin ƙarfe da bututu da bakin bututu, da su hantsaki in kana haɗawa da hudar jiki.

Lokacin da na fara neman abin da zan saya shawarwari sun yi min yawa, wani ya ce tafasawa ta isa, wani ya ce ka jiƙa a sipirit ya kwana, wani ya nuna min akwatin nan mai shuɗiyar fitila ta UV yana cewa ai shi ake yayi. Duk ba su kai ba, kuma dalilin ɗaya ne. Ruwa in ya tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 ko da ka kwana kana hura masa wuta, wannan zafin yana kashe ƙwayoyi da yawa amma akwai wasu bakteriya da in sun ji wuya sai su dunƙule su yi wa kansu ɓawo mai tauri su kwanta, su kam tafasa ba ta tabbatar da mutuwarsu, sipirit ma haka, ba ya taɓa su. Fitilar UV kuma inda haskenta ya sauka kawai take aiki, to ta yaya haske zai lanƙwasa ya shiga cikin bututu? Wannan akwatin in ma yana da amfani to na ajiya ne. Akwai kuma ɗan injin nan mai duwatsun gilashi masu zafi da ake tsoma bakin ƙarfe a ciki, shi ma na tsallake shi, don bakin kawai yake gasawa, kuma ba ka da wata hanyar gane ko ya yi ko bai yi ba.

Abin da ake gudu fa ba ƙarami ba ne. Mutane sun fi tsoron HIV, amma ni ciwon hanta ya fi tsaya min a rai, don ƙwayar nau'in B tana iya kai kwana 7 ko fiye a busasshen jini a jikin ƙarfe tana nan da ƙarfinta, ta nau'in C ma tana daɗewa, ita HIV ba ta jure zaman waje kamar su. Ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Shi ya sa ma tun kafin maganar inji na je na karɓi rigakafin nau'in B, shi C har yanzu ba shi da rigakafi.

To sai otokilef, wato injin da ke kashe ƙwayoyi da tururi. Tsohuwar fasaha ce, wani Bafaranshe Charles Chamberland da ya yi aiki tare da Louis Pasteur shi ya ƙirƙiro ta a 1879, kuma har yau dabarar ba ta canza ba: ka rufe ruwa ruf a tukunyar ƙarfe ka dafa, firesha ta hau, tururi ya wuce digiri 100 ya kai 121 ko 134. A digiri 121 kayan da ke cikin leda suna son kamar minti 30 a injin da ba shi da famfon zuƙe iska, a 134 kuwa minti 3 zuwa 4 sun isa a injin mai famfon zuƙe iska, amma a kula, wannan lissafin daga lokacin da zafin ya kai ne ake fara ƙirga shi, bai haɗa da lokacin ɗumama da na busarwa ba, shi ya sa zagaye ɗaya yake cin lokaci fiye da yadda mutum ke zato.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne maganar iska. Tururi sai ya taɓa jikin ƙarfe kafin ya kashe abin da ke kai, in iska ta tare wuri tururi ba ya shiga, kamar dai ka kife kofi a cikin bokitin ruwa, za ka ga ruwa ya kewaye shi amma cikinsa a bushe. Haka bututun tatu yake a cikin injin da bai iya fitar da iska ba, waje ya dahu ciki yana nan da iska mai zafi kawai, ita kuma busasshiyar iska a digiri 121 na ɗan wannan lokacin ba ta yin komai a kan masu ɓawon nan. A ƙa'idar Turai ta ƙananan injina, wato EN 13060, an kasa su uku. Ajin N tururi ne da kansa yake tura iska ta fita ta ƙasa, an yi shi ne don kayan ƙarfe marasa rami kuma waɗanda ba a naɗe ba. Ajin B yana da famfo, yana zuƙe iska ya saki tururi ya sake zuƙewa har sau da yawa kafin ya fara ainihin aikin, a ƙarshe kuma ya zuƙe danshi ya busar da kaya. Ajin S yana tsakiya, sai ka karanta takardar kamfanin ka ga irin kayan da suka ce zai iya, wani yana ɗaukar mai rami wani ba ya ɗauka. Ni da kayana kusan duk masu rami ne kuma a leda nake son ajiye su, ban ga abin da zai kai ni N ba duk da shi ya fi sauƙin kuɗi kuma shi masu sayarwa suka fi turo min. B na ɗauka.

Akwai murhun busasshen zafi ma, yana aiki in an bi ƙa'ida, digiri 160 na awa 2 ko 170 na awa 1, amma jinkirinsa ya yi yawa, yana cinye roba, ledar otokilef ba ta jure shi, kuma wurare da yawa hukumar lafiya ba ta karɓarsa daga masu tatu. Wannan ma abin dubawa ne tun kafin ka fitar da kuɗi, ka tambayi hukumar da ke kula da inda kake me take so, kar ka sayi abu mai duba ya zo ya ce bai san wannan ba.

Girma ban wahalar da kaina ba, ana samun mai lita 8, 12, 18, 23, na ɗauki matsakaici don ƙarami yana sa mutum ya riƙa cusa kaya. Abin da na fi matsa wa mai sayarwa da tambaya a kai shi ne kayan gyara, robar ƙofa da matatar iska ana samunsu? Wa zai gyara in ya tsaya? Yana fitar da takardar da ke nuna zafi da firesha da lokacin kowane zagaye ko yana ajiyewa a kati? Inji mai kyau da ba mai gyara shi a kusa, ranar da ya tsaya aikinka ya tsaya. Na hannu kuma ban ce kar a saya ba, amma sai injiniya ya duba shi an yi masa gwaji ya ci kafin ya taɓa kayan da za su shiga jikin mutum.

Da injin ya zo sai na gane rabin aikin ma a wajen wanki yake. Otokilef ba ya wanke komai, in busasshen jini ko tawada ya rage a cikin bututu to gasa shi zai yi ya ƙara manne shi, ƙwayoyin da ke ƙarƙashi kuma sun samu rumfa. Yadda nake yi, da na gama zane ina sanye da safar hannu nake warware komai, mariƙi daban bututu daban, in tsoma su a ruwan sabulun inzayim tun jinin bai bushe ba, ruwan kuma mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba don zafi yana daskarar da jini. Sai in bi cikin kowane bututu da siririn burushi, a ƙarƙashin ruwa nake gogawa don kar ya fantsamo min a fuska, kuma safar wanki mai kauri nake sawa a nan ba siririyar zane ba. Daga nan sai injin altarasonik, shi wannan girgiza ruwa yake da sautin da kunne ba ya ji, wajen kilohaz 40, ƙananan kumfa su riƙa tashi suna fashewa a jikin ƙarfe suna ɓamɓaro datti daga lungun da burushi bai kai ba. Mutane da yawa suna ɗauka shi ma kashe ƙwayoyi yake, a'a, wanki ne kawai. Kuma a rufe murfinsa in yana aiki, in ba haka ba ruwan dattin nan yana tashi a iska ya sauka a kan komai na ɗakin. In ina son sanin ko har yanzu yana da ƙarfi sai in rataya fallen takardar alminiyam a ciki na ɗan lokaci, in ta fito da ƙananan huji ko'ina lafiya lau, in ta fito sumul to ya mutu sai ƙara kawai yake.

Bayan nan ɗauraya sosai, sannan busarwa har cikin ramin. Sai leda, irin mai takarda gefe ɗaya roba gefe ɗaya, abu ɗaya a kowace leda, hantsaki a buɗe ba a datse ba, in liƙe bakin daidai kan layi in rubuta kwanan wata da lambar zagaye a gefen liƙin, ba a tsakiyar takardar ba don kar biro ya huda ta. Jerawa a cikin inji ma da ƙa'idarta, tururi ta gefen takarda yake shiga ba ta roba ba, don haka a tsaye nake jera su a kan ɗan maratayi, takardar wannan na kallon robar wancan, da ɗan fili tsakani, ba a ɗora wani kan wani ba kuma ba sa taɓa bangon tukunyar. Ruwan da nake zuba wa injin distil ne kawai, wato wanda aka tafasa aka tattara tururinsa, ruwan famfo yana barin farin gishiri a bututun ciki ya toshe bawul, ya kuma sa wa kaya tabo.

Busarwa ita ce wurin da haƙuri ke ƙarewa, wanda za a yi wa zane na zaune yana jira kai kuma inji ya ce saura. Kar ka buɗe. Ledar da ta fito da danshi ba a lissafa ta a mai tsabta, jiƙaƙƙiyar takarda tana jan ƙwayoyi daga hannu ko tebur su ratsa ciki, sai dai a canza leda a sake daga farko. Maganin wannan kawai ka mallaki kaya saiti da yawa yadda ba za ka taɓa jiran inji ba.

Sai maganar shaida, wadda ni a wurina ta fi sunan kamfanin injin muhimmanci. Alamar nan da ke jikin leda mai canza launi, abin da take faɗa kawai shi ne wannan ledar ta ga zafi, ba ta ce komai ya mutu ba, tana iya canzawa tun zagaye bai je ko'ina ba. Akwai ɗan kati mafi inganci, na aji 5, shi sai zafi da tururi da lokaci sun cika yake nunawa, ina sa ɗaya a kowane zagaye a wurin da ya fi wuyar shiga. Injin B kuma da safe kafin kaya ana yi masa gwajin fitar iska, ko na Bowie-Dick ko na Helix, shi Helix doguwar siririyar tiyo ce a naɗe da ɗan kati a ƙarshenta, in tururi ya kai can to zai shiga bututuna ma, shi ya sa na fi son sa. Amma alƙalin ƙarshe gwajin ƙwaya mai rai ne. Ana sa 'yar kwalba ko takarda mai ɗauke da Geobacillus stearothermophilus, bakteriya ce mai ɓawo da ta shahara da jure zafi, a gudanar da zagaye kamar kullum da kaya a ciki, sannan a kai lab ko a sa a ɗan injin ɗumi tare da wata kwalbar da ba ta shiga otokilef ba don kwatance. Wadda ba ta shiga ba dole ta tsiro, wadda ta shiga dole ta mutu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, tana ba asibitocin haƙori shawarar yin wannan aƙalla duk mako, dokokin masu tatu a wurare da yawa duk wata suke cewa, ni na bi na mako.

Injina ya taɓa faɗuwa wannan gwajin, kuma abin da ya ba ni tsoro shi ne allon injin bai nuna komai ba, alamar leda ma ta canza launi yadda ta saba. Na dakatar da shi nan take, na koma rajista na ciro duk ledar da ta fito tun daga gwajin ƙarshe da ya ci, na ware su, na ci gaba da aiki da bututun roba na yarwa. Da injiniya ya buɗe sai ga robar ƙofa ta tsage ta ciki inda ido ba ya kaiwa, iska na satar shiga lokacin da famfo ke zuƙa. Aka canza, aka maimaita gwaji ya ci sannan na dawo da shi aiki. Ba don lambar zagaye da nake rubutawa a leda da rajista ba da ban san wanne zan ware wanne zan bari ba.

Injin zanen kansa da wayarsa da kwalbar feshi ba sa shiga otokilef, su leda ake sa musu sabuwa ga kowane mutum, a cire a goge da maganin goge kaya na asibiti a bar shi ya jiƙa iya mintunan da aka rubuta a jikin kwalbar, ba a fesa a share nan take ba. Tawada ma a kula, a 2012 an samu mutane da dama a Rochester ta jihar New York da suka kamu da ƙwayar Mycobacterium chelonae, da aka bi diddigi sai aka tarar daga tawada mai ruwan toka take wadda aka sirka tun daga kamfani, ba daga allura ko inji ba. Don haka in zan sirka tawada ruwan da aka kashe wa ƙwayoyi na cikin kwalba a rufe nake sawa, distil ma bai isa ba a nan.

Yanzu yawancin ƙananan zane da katirij, wato allurar da ke zuwa haɗe da bakinta na roba, da mariƙin yarwa nake yi, ya rage min wanki sosai, amma manyan ayyuka har yanzu hannuna ya fi son nauyin ƙarfe, kuma muddin akwai ƙarfe ɗaya da zai taɓa mutum biyu a ɗakin to gwajin mako yana nan, ko da leda uku kawai na sa a satin.