Littafin bashin da na buɗe wa Allah

Ƙannena da ƴaƴana na ikilisiya, ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake sayarwa a Maraɗi tun ina saurayi, ba fasto ba ne ni. Abin da zan gaya muku a kan ceto ban koyo shi a makarantar Baibul ba. A bakin rumfa na koye shi, kuma da tsada.

A gidan Kirista aka haife ni. Baba ya ji bishara lokacin da ya yi jinya a asibitin kutare na Danja, can ya koyi karatun boko don kawai ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Yakan ba mu labarin yadda ƴan mishan na SIM suka sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zo Tsibiri, da yadda aka buga Littafin gaba ɗaya da Hausa a 1932. Kafin in yi baftisma na haddace Afisawa 2:8-9, cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, baiwa ce ta Allah, ba sakamakon ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Da za a tashe ni tsakar dare zan kawo ayar ba gargada. Amma bakina ne kawai ya sani. Zuciyata ta ɗan kasuwa ce, ita kuwa abin da ta yarda da shi shi ne banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya ce maka kyauta ne, duba da kyau, akwai inda zai fanshe.

Sai na buɗe wa Allah littafi a cikin kaina, irin wanda nake rubuta masu cin bashi. Gefe ɗaya abin da na ci: ƙaryar da na yi wa mai saye, kallon da bai kamata ba, zagin yaron rumfa. Ɗaya gefen abin da na biya: sujadar Lahadi ban taɓa fashi ba, zakka cif, ƙungiyar mawaƙa, ba giya ba taba. Makon da na san na yi ɓarna, sai in ƙara jika ɗaya a baiko, in ji wai mun yi daidai. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ni kaina ban kira shi ciniki ba. Alamarsa ɗaya ce: ban taɓa kwanciya da tabbaci ba. Mai biyan bashi da kaɗan-kaɗan kullum yana tsoron ranar da za a yi lissafi.

Shekarar 2005 ce ta tona ni. Waɗanda suka girma sun tuna ta. Daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fari suka zo suka ƙarasa abin da ya rage a wasu wurare, kafin damina ta gaba ta kankama kuɗin hatsi ya yi sama, tiya ta gagari talaka. Mata suna ta shigowa daga ƙauyuka da yara masu tamowa zuwa wurin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF. Ni kuwa na sayi hatsi da kaka, na ɓoye, ina jiran farashi. Riba ta zo yadda ban taɓa gani ba, na kuma ce albarka ce, tunda ai ina fitar da zakka.

Akwai ƙanena, ɗan ƙanin Baba, wanda ya karɓi buhu uku da jika arba'in a hannuna shekara biyu kafin nan, ya ce zai ja jari, ya tsallaka Nijeriya, shiru. Wata ranar Laraba matarsa ta zo rumfa da goyo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Yaya, tiya biyu za ka taimaka mana da ita, in Allah ya kawo shi zai biya." Na jawo littafi, na buɗe shafin mijinta, na juya mata shi duk da na san ba ta iya karatu ba. Na ce a fara share wannan tukuna. Ba ta ce komai ba, ta gyara goyonta ta tafi. Maƙwabcin rumfata, wani Alhaji da muka shekara muna gardamar addini da shi, shi ya kira ta ya auna mata tiya uku, bai rubuta ko'ina ba. Ranar Lahadin makon na zuba zakka mafi yawa da na taɓa bayarwa, na kuma tsaya gaba na ja waƙa.

Labari ya kai kunnen Inna, yayar Baba. Tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, ba ta kuma taɓa shiga lakwal ba, amma ta san inda kowane labari yake a Littafin. Ta aika a kira ni. Na tafi da shirin kare kaina, sai ta ce, "Ɗana, idona ya ƙi. Karanta mini Matiyu sha takwas, wajen ƙarshe."

Kun san misalin. Sarki yana lissafi da bayinsa, aka kawo wanda ake bi talanti 10,000. Ya faɗi yana roƙo, sarki ya ji tausayinsa ya yafe masa duka. Yana fita ya gamu da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe masa wuya, ya sa aka kulle shi. Na karanta da sauri don in wuce wurin. Inna ta ce, "Kai da ka iya lissafi, nawa ke nan?" Daga baya na zauna na buga. Dinari ɗaya ladan ɗan ƙwadago ne na yini guda, kamar yadda Matiyu 20 ya nuna, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne. Ke nan bawan nan ana bin sa ladan yini miliyan 60. Ko shi da jikokin jikokinsa za su yi ta noma ba hutu, ba za su taɓa gefen bashin ba. Abin da yake bin ɗan'uwansa kuma ladan wata uku ne da ƴan kwanaki.

Amma ba yawan kuɗin ne ya kama ni ba. Maganar bakin bawan ce. Bai ce a yafe masa ba, cewa ya yi a yi masa haƙuri zai biya duka. Zai biya! Da me? Nan na ji muryata. Shekara da shekaru abin da nake gaya wa Allah ke nan da jikar da nake ƙarawa a baiko. Sarki bai yanka masa biya wata-wata ba, ya share shafin ne gaba ɗaya. A ganina bawan ya fita fada bai ji abin da aka ce masa ba, har yanzu yana ɗaukar kansa mai biya, shi ya sa dinari 100 suka zame masa abin shaƙe mutum. Wanda ya ɗauka da guminsa yake sayen wurin zama gaban Allah ba ya iya sassauta wa kowa. Na ga haka a kaina, na kuma gani a wasu dattawa da ba zan faɗa ba.

Inna ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce, "Bashi hanji ne, ɗana, yana cikin kowa," ta ce in miƙo mata butarta. Romawa 3:23 ke nan a bakin tsohuwa: duka sun yi zunubi, sun kasa kai wa ga ɗaukakar Allah.

Ku lura da kalmar kanta. Mu Hausawa ba ma cewa an ceci mutum sai in ya kai inda ba ya iya fid da kansa. Kakanninmu sun ba da labarin ambaliyar 1945, da Gulbi ya cinye tsohon gari har aka komo kan tudu. Wanda ruwa ya ja ba ya ciniki da mai miƙo masa igiya, ba ya kuma fitowa yana taƙama da yadda ya iya riƙo. Haka Littafin yake amfani da kalmar tun daga farko. A bakin Bahar Maliya, teku a gaba, karusan Fir'auna a baya, Musa ya ce wa jama'a su tsaya su ga ceton Ubangiji. Wannan yana Fitowa 14. Dokoki goma sai a Fitowa 20 suka zo, kuma da me suka fara? Da tunin cewa shi ne Allahn da ya fisshe su daga gidan bauta. An fara fitar da su, sannan aka koya musu tafiya. Ni na juya abin, ina kiyaye doka don a fitar da ni. Sunan Yesu ma ma'anarsa ke nan, Ubangiji yana ceto, mala'ika kuwa ya faɗi dalili a Matiyu 1:21, cewa zai ceci mutanensa daga zunubansu. Ɗan fashin da aka gicciye kusa da shi ba shi da hannun ba da baiko, an kafe shi da ƙusa, ba shi da sauran Lahadi ko ɗaya. Roƙo kawai ya yi a tuna da shi, aka ce masa yau zai kasance a Firdausi. Kyauta ce a gare mu, amma ba araha ba ce. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. An biya, sai dai ba daga aljihuna ba.

To, kada ku ce daga nan na gyaru. Na faɗa wani ramin ne, kuma shi na fi jin tsoro a kanku, don na ga yana cin samari yanzu. Da na gane ba ayyukana ke ceto ba, sai na saki jiki. Ina da tiya biyu a rumfa, ta saye da ta sayarwa, ƴan kasuwa sun san abin da nake nufi. Da can ina jin nauyinta in ƙara baiko. Yanzu kuwa sai in ce ai an riga an biya. Na mai da gicciye kamar takardar shaidar biya da ake nuna wa jami'i a shingen hanya a wuce. Na yi kusan shekara uku a haka. Bulus ya san da irina, shi ya sa ya yi tambaya a Romawa 6, ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, ya kuma amsa da a'a mai ƙarfi. Ayar da na haddace ma tana da ƙanwa da ban taɓa kula ta ba, Afisawa 2:10, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Ku duba Zakka, mai karɓar haraji na Yariko. Yesu ya fara shiga gidansa tun bai gyara komai ba, mutane suna gunaguni. Amma kafin a tashi daga wurin, Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa riɓi huɗu. A nan Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan. Ba da riɓi huɗun ya saya ba, amma da bai taɓa jakarsa ba, da sai mu tambaya ko baƙon ya shiga gidan da gaske. Ranar da na fasa ƙaramar tiyar da turmi, ribata ta ragu, kuma ba ta dawo ta wata ƙofa ba kamar yadda wasu masu wa'azi suke alkawari.

Tunda na ambace su: kuna ganinsu a waya, masu cewa ka shuka kuɗi ka girbi buɗi, masu sayar da mai da ruwa. Littafina ne na dā suka sake wa bango. Siman mai sihiri ya taɓa miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ku karanta amsar da ya samu a Ayyukan Manzanni 8. Rigimar da Martin Luther ya tayar a Jamus a 1517 ma a kan sayar da takardun sassauta horon zunubi ta faro. Baba ya mutu ba shi da ko keke, yatsunsa ma ba su cika ba, amma ban taɓa ganin mutum mai kwanciyar rai gaban mutuwa kamarsa ba.

Game da Alhaji maƙwabcina kuwa, sai da na girma na gane rabin gardamarmu kalma ɗaya muke ja, kowa da abin da yake nufi. In ya ce ceto, roƙon da za a yi wa mutane ranar alƙiyama yake nufi. In na ce ceto, fansa nake nufi da aka riga aka yi a kan gicciye. Ni kuma ba don ya fahimta nake magana ba, don in kayar da shi ne a ji. Bitrus ya ce mu ba da amsa da tawali'u da ladabi. Har yanzu bangaskiyarmu ba ɗaya ba ce, ban kuma ɓoye masa tawa ba, amma tun ranar tiya ukun nan ban sake ɗaga masa murya ba.

Ƙanena ya dawo bayan shekara shida, ba ko sisi, da tari a ƙirji. Na je har gidan da ya sauka da littafin a hammata. Da ya gan shi fuskarsa ta sauya. Na yage shafin a gabansa, na kuma roƙi matarsa gafara a gaban yaranta, abin da ya fi mini yage shafin wuya nesa ba kusa ba. Shi bai yi godiya ba, ya ce dā ma buhunan akwai ƙwari a ciki. Na ji tsohon bawan nan ya motsa a cikina, hannuna har yana ƙaiƙayi. Ita kuwa ta ce, "Ba komai, Yaya," da irin muryar da ke nuna akwai komai. Sai bara ta fara aiko mini da tuwon Kirsimeti. Yaron da ta goyo ran nan ya rayu, shi ke auna hatsi a rumfata yanzu, da tiya ɗaya.